Shirin ne ya lalace, ko masu kallon ne suka tsufa? Fashin baƙi kan rigimar masoya The Simpsons

A watan Afrilun 2025 tashar Fox ta Amurka ta sanar da ƙara wa The Simpsons zango huɗu a tashi ɗaya, wanda zai kai shirin zango na 40. Kafin sanarwar ta huce, tsohuwar rigimar masoyansa ta sake tashi. Wasu suka ce shirin ya rasu tun kafin shekarar 2000, gawarsa ce kawai ake yawo da ita don neman kuɗi. Wasu suka ce masu faɗin haka sun fi shekara 20 rabonsu da su zauna su kalli kashi ɗaya daga farko har ƙarshe, don haka abin da ba su gani ba suke yanke wa hukunci.

Shin da gaske wasan barkwanci mai dogon zango yana lalacewa idan ya daɗe, ko kuwa mai kallo ne ke canzawa sannan ya ɗora wa shirin laifi? In yana lalacewa, me ke cin sa? In kuma masoyansa na asali sun gaji, wa ke riƙe da shi har yanzu? Na ɗauki The Simpsons ne saboda ba a taɓa yin wannan gardama a kan wani shiri kamar yadda aka yi a kansa ba, amma duk wanda ya taɓa bin wani shiri shekara da shekaru zai ga nasa a ciki.

Me ake nufi da sitkom?

Sitkom gajeren suna ne da Turawa ke kiran wasan barkwancin da aka gina a kan yanayi guda da ba ya sauyawa. Mutanen su ne dai, wurin shi ne dai, ko gida ko ofis ko wata matattara. Matsala ta kunno kai a farkon kashi, a yi ta dambarwa, a warware ta cikin minti 22, wanda in aka haɗa da tallace-tallace ya cika rabin awa. Mako mai zuwa kowa ya koma inda aka same shi, kamar ba a yi komai ba. Abin da ya raba shi ke nan da wasan kwaikwayo mai ci gaba, inda ake aure a haihu a mutu, wanda ya tsallake kashi uku kuma ya rasa bakin zaren.

Da gangan ake wannan rashin canjin, kuma kasuwa ce ta haife shi. A Amurka babbar ribar sitkom takan zo ne bayan an gama nuna shi karon farko, lokacin da ake sayar wa wasu tashoshi tsofaffin zangunan su riƙa maimaitawa kullum. Al'adar masana'antar ita ce sai shiri ya tara kamar kashi 100 kafin ya yi daraja a wannan kasuwa, masu sayen kuma suna son abin da za su sa ko wanne a ko wace rana ba tare da mai kallo ya ruɗe ba. Saboda haka sharaɗin da aka gindaya wa marubucin sitkom mai tsauri ne: ka kawo sabon abu duk mako, amma kada ka taɓa komai.

The Simpsons ya fi kowa cika wannan sharaɗi saboda zane ne mai motsi. Matt Groening ya faro shi a 1987 a matsayin 'yan gajerun zane-zane cikin shirin Tracey Ullman, ya zama mai cin gashin kansa ranar 17 ga Disamba, 1989. Iyali ne guda a garin Springfield: Homer, ma'aikacin tashar nukiliya mai tumbi da ƙarancin tunani, matarsa Marge, Bart ɗan shekara 10, Lisa 'yar 8, da jaririya Maggie. A shirin da mutane ke fitowa da jikinsu, yaro zai girma ko ana so ko ba a so, muryarsa ta buɗe, gemu ya tsiro, dole a sake labari ko a rufe. Bart kuwa yana aji huɗu tun 1989. Yaron da ya fara kallonsa suna sa'anni yanzu ya haura 45, ya girme wa Homer ɗin kansa.

Ina ganiyar take, kuma yaushe aka ce an fara gangarowa?

Yawancin masu ƙorafi bakinsu ya zo ɗaya cewa ganiyar shirin tana tsakanin zango na 3 da na 8, wato 1991 zuwa 1997, wasu su ƙara zango ɗaya ko biyu a gaba ko a baya. Ka yi lissafi. Zuwa ƙarshen zango na 8 an yi kashi 178. A 2023 shirin ya cika kashi 750. Ke nan abin da suke kira ainihin The Simpsons bai kai rubu'in abin da aka yi ba. Mutane ne ke kiran kansu masoyan shirin da suka tsani mafi yawansa.

In ka matsa musu su faɗi ranar da abin ya karye, da yawa za su ce 28 ga Satumba, 1997. A daren nan aka nuna kashin da ya shafi Seymour Skinner, shugaban makarantar su Bart, tsohon soja mai tsattsauran ra'ayin bin doka wanda har yanzu yake zaune da uwarsa tana juya shi. Ana cikin bikin cikarsa shekara 20 a kan kujera sai wani mutum ya shigo ya ce shi ne Seymour Skinner na gaskiya. Ashe wanda aka sani sojan gona ne. Sunansa Armin Tamzarian, maraya ɗan tasha da ya yi yaƙin Biyetnam a ƙarƙashin Skinner, ya zaci maigidan nasa ya mutu, ya je gaya wa uwar, bakinsa ya kasa, ya zauna a matsayin ɗanta. Da mutanen gari suka ga sabon bai kwanta musu ba, sai suka ɗaure shi a kan kujera suka ɗora a jirgin ƙasa ya fice da shi, alƙali ya ba wa sojan gonar sunan, ya kuma haramta wa kowa sake tada maganar.

Masu kallo suka ji an raina musu hankali. Shekara takwas suna sanin mutum, an ce musu duk ƙarya ne, sannan an ce su manta. Harry Shearer, wanda ke yin muryar Skinner, ya fito ya soki labarin, Groening ma daga baya ya kira shi kuskure. Sai dai akwai abin da masu kafa hujja da wannan rana ba su cika faɗi ba. Bill Oakley da Josh Weinstein, waɗanda suka jagoranci zango na 7 da na 8 da ake yabo, su ne suka shirya wannan kashi, ragowar aikinsu ne aka riƙe aka nuna a zango na 9. Ke nan mutanen ganiyar ne da hannunsu suka yi abin da aka ce ya kawo ƙarshenta.

Amurkawa suna da salon magana ga irin wannan rana: tsallake kifin shak. Ya samo asali ne daga wani sitkom mai suna Happy Days, inda a 1977 tauraron shirin, Fonzie, sanye da rigarsa ta fata, jirgin ruwa ya ja shi yana sulu a kan teku ya tsallake kifin shak. Daga baya aka mai da abin alamar cewa dabara ta ƙare wa marubuta. Happy Days ɗin kuwa bai rufe ba sai 1984. A ganina neman rana ɗaya yaudarar kai ce. Tana da daɗin gardama, amma shiri zaizayewa yake yi kamar gaɓar kogi, sai an waiwayo ake ganin yawan ƙasar da ruwa ya ci.

Homer biyu: abin da masu ƙorafi ke nufi

In kana son fahimtar ƙorafin, ajiye kashi biyu kusa da juna.

Na farko na Janairun 1995 ne. Yara sun tambayi dalilin da ya sa babu hoton Maggie ko ɗaya a kundin hotunan gida, Homer ya ba su labari. Ya taɓa biyan duk bashin da ke kansa, ya ajiye aikin tashar nukiliya da ya tsana, ya kama ƙaramin aiki a wurin wasa inda yake jin daɗin ransa. Sai Marge ta samu ciki na uku. Albashin ba zai riƙe mutum biyar ba, dole ya koma ya roƙi tsohon ubangidansa, Mista Burns, da rarrafe. Burns ya mai da shi, amma ya sa aka kafa masa allo a gaban teburinsa mai cewa kada ya manta, a nan zai dawwama. A ƙarshen kashin aka nuna inda hotunan Maggie suke. Homer ya liƙe su a kan allon sun rufe wasu haruffa, waɗanda suka rage suna cewa: yi dominta. Wawa ne, malalaci ne, amma ka san abin da ke fitar da shi daga gida kowace safiya.

Na biyu na Disamban 1998 ne. Suna dawowa daga tafiya, mahaifin Homer yana ta roƙon a tsaya ya kama ruwa, Homer ya ƙi taka birki har ƙodojin tsohon suka fashe. Aka ce ya ba da ƙoda ɗaya, ya yarda, ya gudu daga asibiti. Ya dawo yana nadama, ya sake gudu. Sai da mota ta faɗo masa yana sume likita ya cire ƙodar. Akwai dariya a ciki, ban musa ba. Amma wannan mutum ba za ka ba shi ajiyar ɗanka ba. Masoya har laƙabi suka yi wa wannan sabon Homer ɗin, mai ma'anar Homer mugun wawa, suna bambanta shi da na da, wanda wautarsa ke cutar da shi kansa fiye da kowa.

Maƙwabcinsu Ned Flanders ya fi shi shan wahala. Da farko mutumin kirki ne mai fara'a, gidansa tsaf, iyalinsa lafiya, yana zuwa coci. Abin dariyar shi ne Homer na ƙin sa ba gaira ba dalili, hassada kawai. Sannu a hankali marubuta suka riƙa jan zaren addininsa suna sakin sauran, har ya koma mutumin da ba ya buɗe baki sai wa'azi da tsangwama. Daga sunansa masu sharhi suka ƙirƙiro kalmar da yanzu ake amfani da ita ga kowane shiri: a ɗauki hali ɗaya na ɗan wasa a yi ta hura shi har ya haɗiye sauran halayensa. Dalilin a fili yake. Halin da ya ba da dariya jiya shi marubuci zai koma wa yau, kuma don ya sake tasiri sai an ƙara masa gishiri. Shekara goma ana ƙarawa, mutum ya zama dodon kansa.

Haka batun manyan baƙi. A 1991 Dustin Hoffman ya yi muryar wani malamin riƙo da Lisa ta shaƙu da shi, ko sunansa na gaskiya ba a rubuta ba. A 2012 Lady Gaga ta zo Springfield a matsayin Lady Gaga, garin ya koma 'yan kallonta. Wannan kashin yana cikin waɗanda masoya suka fi ambata in ana lissafin mafi muni.

Me ke cin shiri in ya daɗe?

Masu kallo fuskoki suke gani, amma sitkom a ɗakin marubuta ake yin sa, inda mutum goma sha wani abu ke zama su yi ta sake layi ɗaya har sai ya ba ɗakin dariya. Sam Simon, wanda ya tara marubutan farko, ya bar shirin a 1993. A shekarar Conan O'Brien, ɗaya daga cikin marubutan, ya tafi gabatar da shirin dare a NBC, wasu da dama daga cikin na farkon ma suka watse. Duk da haka shirin bai faɗi ba a lokacin, domin kusan duk shekara biyu ana sauya jagora: Al Jean da Mike Reiss, sai David Mirkin, sai Oakley da Weinstein, kowa da irin kunnensa. Mike Scully ya riƙe daga zango na 9 zuwa na 12, zamanin da aka fi ɗora wa laifin mugun Homer. Daga 2001 Al Jean ya dawo ya zauna kusan shekara 20. Ga kuma wata matsala da ba laifin kowa ba ce: marubutan farko sun taso ne suna kallon wasu abubuwa suna yi musu ba'a, na baya kuwa da The Simpsons suka taso. Sun iya muryarsa sarai, amma kwaikwayo ne.

Sai rijiyar labari. Sau nawa Marge za ta yi fushi ta ce aure ya ƙare kafin mai kallo ya daina tsorata? Tun 1994 aka tura Homer sararin samaniya, to bayan nan ina za a kai shi? A 2002 South Park, wani shirin zane na barkwanci, ya yi kashi guda a kan wannan: duk makircin da wani yaro ya ƙulla sai a ce masa ai The Simpsons sun riga sun yi. Rashin tsufan ma ya zama tarko. A 1991 an nuna Homer da Marge sun haɗu a makarantar sakandare a 1974. Da shekaru suka ja lissafin ya ƙi fita, sai a 2008 aka mai da samartakarsu shekarun 1990, zamanin da masu kallo suka san su da 'ya'ya uku.

Abin da na fi ba wa nauyi shi ne duniyar da shirin ke yi wa dariya ta gushe. A 1989 talabijin ɗin Amurka cike yake da iyalai masu tarbiyya inda uba ke da amsar komai, The Cosby Show na kan gaba. Sai ga uba mashayi mai shaƙe ɗansa, ga yaro mai alfahari da rashin ƙoƙari. Wasu makarantu suka hana sa riguna masu hoton Bart. A 1992 Shugaba George H. W. Bush ya ce yana son iyalan Amurka su rage kama da iyalin Simpson. Wannan tsiwar ita ce rabin daɗin. Daga nan South Park ya fito a 1997, Family Guy a 1999, suka zarce shi rashin kunya. A 1999 ɗin mujallar Time ta naɗa shi shiri mafi kyau na ƙarni na 20, a 2019 kuma ya koma hannun Disney. Ɗan tawayen da aka yi wa sarauta, wa zai yi wa tawaye?

Har gidan kansa ya sauya ma'ana. Homer bai yi jami'a ba, shi kaɗai ke aiki, amma yana da gidan bene da mota biyu da 'ya'ya uku. A 1989 wannan hoton iyali ne mai fama da rufin asiri. Matashin Amurka na yau da kuɗin haya ya sha masa kai, in ya kalla, daula yake gani. Marubutan sun hango haka tun 1997, da suka kawo wani ma'aikaci, Frank Grimes, wanda ya sha wuya duk rayuwarsa bai tara komai ba, ya shiga gidan Homer ya kusa haukacewa don takaici.

Akwai kuma mutuwa da rigimar albashi, waɗanda ba ruwansu da basira. An kashe Phil Hartman a 1998, aka jingine mutum biyun da yake yi wa murya, lauyan bogi Lionel Hutz da tsohon tauraro Troy McClure. Marcia Wallace, mai muryar malamar su Bart, ta rasu a 2013. A 1999 Maggie Roswell ta bar shirin kan saɓanin kuɗi, a 2000 aka kashe Maude, matar Flanders, wadda take yi wa murya. Roswell ta dawo a 2002, Maude kuwa ta tafi ke nan. An sallami mai tsara kiɗa Alf Clausen a 2017 bayan shekara 27. Hank Azaria ya daina muryar Apu, Ba'indiye mai kanti, a 2020 bayan sukar yadda ake nuna Indiyawa, Pamela Hayden mai muryar Milhouse, abokin Bart, ta yi ritaya a 2024. Zane ba ya tsufa, maƙogwaro kuwa yana tsufa, duk wanda ya saurari Marge ta yanzu zai ji.

Hujjar masu kare shirin

Su ma ba da hannu wofi suka zo ba. Abu na farko da suke cewa, ƙwaƙwalwa mai tankaɗe ce. In an ce ganiya, kashi 20 ko 30 mafi kyau mutum ke tunawa, waɗanda ya kalla sau goma, sai ya auna su da duk abin da aka nuna ranar Lahadin da ta wuce. Kuma yana ɗan shekara 12 ya kalle su, lokacin da kowace ba'a sabuwa ce a kunnensa. Wani ɓangare na abin da yake kewa yarintarsa ce, ita kuwa babu marubucin da zai dawo masa da ita.

Masana lissafi ma suna da bayani. Abin da ya yi fice fiye da kima, mafi yawan lokaci abin da zai biyo bayansa yakan matso kusa da matsakaici, ko da ba a yi wani kuskure ba. Haɗuwar gwanaye irin ta farkon shekarun 1990 sa'a ce da ba a shirya ta, ba a kuma maimaita ta da umarni. Shirin da ya sauko daga can zuwa mai kyau kawai, a idon masoyi ya faɗi ƙasa warwas.

Hujjarsu mafi daɗi ita ce ƙorafin ya girmi lalacewar. A Fabrairun 1997, tsakiyar zango na 8 da yanzu ake girmamawa, shirin ya yi kashi guda yana tsokanar masu sukarsa. Wani zanen kyanwa da ɓera da su Bart ke kallo ya fara rasa 'yan kallo, shugabannin tasha suka cusa masa kare mai tabarau don jan matasa, kowa ya tsane shi, aka kashe shi da gaggawa. A ciki mai shagon littattafan zane ya yanke hukuncin cewa wannan ne kashi mafi muni a tarihi, Bart ya tambaye shi me yake bin masu shirin, bayan sun ba shi nishaɗi na shekaru kyauta. Wato tun ana cikin ganiyar akwai masu cewa an wuce ta.

Batun raguwar 'yan kallo kuwa, wanda masu ƙorafi ke yawan ɗagawa, hujja ce mai rauni. Gaskiya ne a Oktoban 1990 kashi ɗaya ya tara mutum miliyan 33.6, yanzu kuma sau da yawa masu kallo kai tsaye ba sa kai miliyan 2. Amma a 1990 manyan tashoshi huɗu ne ke rabon Amurka. Duk wani shiri na talabijin ya yi irin wannan zubewa tun da kallo ya koma waya da intanet. Masu kare shirin suna ƙarawa da cewa tun da Matt Selman ya karɓi ragamar mafi yawan aikin a 'yan shekarun nan an dawo da tausayi cikin labaran, ana kuma gwada sababbin salo, har wasu masu sharhi sun rubuta cewa shirin ya farfaɗo.

Ni dai ina ganin saukar ta faru, kuma ana iya nuna ta da yatsa a rubutun kansa, kamar yadda Homer biyun nan suka nuna. Inda masu ƙorafi suka zarce shi ne ɗaukar shekara 25 su dunƙule su a kalma ɗaya. Zango na 11 da na 22 da na 34 ba abu ɗaya ba ne, wanda bai kalla ba kuma ba shi da bakin cewa haka ne.

To me ya sa ba a rufe shi ba?

Domin masu yanke shawarar ba dariya suke aunawa ba. A 2007, shekara goma bayan an ce shirin ya mutu, fim ɗinsa na silima ya tara sama da dala miliyan 500. A 2013 tashar FXX ta sayi izinin maimaita tsofaffin zangunan a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 750. A 2018 ya wuce Gunsmoke, wasan kaboyi mai kashi 635 da ya daɗe riƙe da kambun yawan kashi a wasannin dare na talabijin ɗin Amurka. Da Disney ya sayi kadarorin 21st Century Fox kan dala biliyan 71.3, shirin na cikin abubuwan da ya jawo mutane da su zuwa Disney+. Ga manhajar da ke karɓar kuɗin wata-wata, shiri mai ɗaruruwan kashi da mutum zai kunna yana wanke-wanke ya fi sabon shiri mai kashi takwas amfani. Sabo turken wawa ne, kamfanonin kuma sun san haka. Kowane sabon zango yana ƙara wa rumbun kauri, yana kuma hana sunan tsufa a kasuwar riguna da kayan wasa.

Lokacin da shirin ya fi kusa da rufewa ma kuɗi ne sanadi. Masu manyan muryoyin sun tashi daga dala 30,000 kowane kashi kafin 1998 zuwa 400,000 a 2008. A 2011 kamfanin ya ce ko a rage ko a rufe, suka yarda aka zaftare kusan kashi 30 cikin 100.

Akwai waɗanda suka tashi tun ana marmarinsu. Jerry Seinfeld ya rufe shirinsa a 1998 bayan zango 9 yana kan gaba a Amurka, duk da tayin da aka ruwaito na dala miliyan 5 kowane kashi, mutum miliyan 76 suka kalli na ƙarshe. Fawlty Towers na BBC kashi 12 ne kacal. The Office na Birtaniya ya yi 12 da na musamman biyu, na Amurka ya yi 201, ya ci gaba zango biyu bayan tafiyar tauraronsa Steve Carell a 2011, masoyansa kuma suna irin wannan rigimar har gobe. Bambancin shi ne a shiri irin na Seinfeld akwai mutum ɗaya da in ya ce ya gaji, magana ta ƙare. Bart ba shi da bakin cewa ya gaji.

Abin da ya shafi mai kallo da ma'aikaci

Ga mai kallo asarar ba ta kai yadda ake kururutawa ba. Sabon zango bai goge tsoho ba, kashin allon Maggie yana nan yadda aka bar shi. Abin da ke da ƙamshin gaskiya a ƙorafin shi ne gurbi da kuɗin da tsohon shiri ya tare, wani sabon marubuci bai samu ba. A ɗaya gefen kuma, shirin da ya shekara 35 abinci ne tabbatacce ga ɗaruruwan masu zane da marubuta da masu haɗa sauti, har da na Koriya ta Kudu inda ake ƙarasa zanen, a sana'ar da yawancin mutane ba su san inda za su kwana baɗi ba.

Mai yiwuwa ma 'yan baya ba za su san wannan rigimar ba. Manhajojin kallo yanzu kashi 8 ko 10 suke yi a zango, su yanke shiri bayan zango biyu ko uku, don haka kukan masoyan yau shi ne an kashe musu abu tun bai nuna ba. Ga tsofaffin shirye-shiryen kuma, tambayar da ke tafe ta muryoyi ce. Shearer an haife shi a 1943, Julie Kavner mai muryar Marge a 1950. Ko a ɗauko masu kwaikwayonsu, ko a koma ga ƙirƙirarriyar basira, batun da ke cikin abubuwan da suka sa marubutan Hollywood yajin aikin kwana 148 a 2023.

Marubutan shirin suna sane da duk wannan. A Satumban 2024 suka buɗe zango na 36 da kashin da suka yi wa laƙabin na ƙarshe, Conan O'Brien ya dawo ya gabatar, aka ce wai na'ura aka ba ta rubuta yadda za a rufe. Na'urar ta kwaso duk abin da ake yi a irin wannan rana: Mista Burns ya mutu, Skinner zai bar gari, Moe ya rufe mashayarsa, kowa na kashe fitila yana ban kwana. Bart kaɗai ya firgita, ya ƙi yarda ya cika shekara 11. Aka mai da komai inda yake, ya sake bikin cika 10, mako na gaba aka ci gaba da shiri.